Layin da Ya San Ƙarfe Nawa

Magini muke ce masa, alhali tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗaga bulo ba. Mijin yayata ne, Allah ya jiƙanta, kuma shekara tara teburina na manne da nasa a hawa na uku, kusa da tagar nan da ba ta rufuwa sosai. Idan na ce na san shi, ba cika baki nake yi ba. A ofis ina kiransa Magini kamar kowa, a gida Baban Ɗigo. Shi kuwa ko a gaban Manaja, Auta yake ce min, yadda Yaya ke kirana.

Manhaja guda muke yi a wurin, wadda direbobin manyan motoci ke dubawa su san inda za su sauke kaya. Ta yi girman da ba mai iya riƙe ta a kansa, sai aka yanka ta sassa-sassa, sashe ɗari biyu da arba'in. Wannan ya dogara da wancan, wancan ya dogara da wasu goma, dukansu kuma suna tsaye a kan guda ɗaya da muke kira Tushe. Ko waƙafi mutum ya canza, sai na'ura ta bi sassan nan ta harhaɗa su su zama abu ɗaya da za a iya kunnawa. Wannan harhaɗawar ita ce gini, mai kula da ita shi ne Magini. Ni mai gwaji ce, aikina in jira a gama gini in shiga in tono abin da suka ɓata, in kai musu har tebur.

Ginin namu minti hamsin da uku yake ci. Wallahi hamsin da uku, sau biyar sau shida a yini. Shi ya sa wata Litinin Manaja ta kira shi ofishinta, ta bar ƙofa a buɗe don mu ji, ta ce ta ba shi mako uku. Ko ya sauko da ginin ƙasa da minti goma, ko ta kawo mutane daga waje su share duk abin da aka rubuta na gini su dasa nasu sabo. Abin da za a share ɗin kuwa rabinsa rubutunsa ne, rabi na Yaya. Ya ce mata to, ya fito, ya zauna, ya ci gaba da kallon tagarsa kamar an ce masa za a yi ruwa jibi.

Haka yake tun fil azal. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, a wani shago ɗan tsukuku da ke ƙarƙashin matakala, a nan ya tashi. Ya sha ba ni labarin shagon. Agoguna sun fi sittin a jikin bango, ba guda biyu da suka yarda da juna, idan rana ta take sai su ɗauki minti goma suna bugawa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon idan ya gyara agogo ba ya miƙa wa mai shi nan take, sai ya rataye shi kwana uku yana lura da shi, ko zai yi sauri ko zai ja baya. Magini yana ɗan shekara bakwai aka ɗora masa aikin lurar. Ya ce a nan ya koyi zama ya zuba wa abu ido yana tafiya, hankalinsa kuma ya yi nasa yawon ya dawo. Da ya girma ya yi karatun kwamfuta, ya shigo kamfanin nan lokacin su shida ne a ɗaki ɗaya, sassa tara, gini daƙiƙa arba'in.

Kamfani ya yi ta girma, gini ya yi ta tsawo, sai jira ya zama wani ɗaki da muke shiga mu zauna. Da an danna maɓalli, ofis ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka da ƙarar na'urorin da ke bayan gilashi. Rana ta shigo ta tagarmu ta kwanta a kan madannai, ta gangara ƙasa a hankali har ta kai ƙafar kujerar Dogo, wanda ke rubuta sashen taswira. Dogo ya iya barci ido buɗe a irin wannan lokaci. Wata tana saƙa hular jariri, wani yana ƙirga motocin da ke wucewa a titi. Akwai kurciya biyu da suka mayar da bakin tagar gidansu, har mun san wace ce mai faɗa. Magini kuwa, da rubutu ya fara gangarowa a allonsa, sai ya danna wani abu ya tsayar da shi, ya ɗan duba, ya miƙe, ya ɗauki kofinsa mai tsagaggen baki, ya nufi ƙarshen baranda inda tulun ruwan sanyi yake. Kullum haka, ba fashi. Na ɗauka tsufa ne ya fara kama shi da wuri.

A cikin wannan jiran ya samu Yaya. Lokacin ginin minti goma sha biyu ne, teburinta na fuskantar nasa. Ita ta faɗa min da bakinta cewa shekara guda cur yana kallon tagar da ke bayanta, sai daga baya ta gane ba tagar yake kallo ba. Yaya wuta ce, tana rubutu tana magana tana cin gyaɗa duk lokaci guda, shi kuma kafin ya gama jimla ɗaya ta riga ta amsa masa biyu. Mahaifiyarmu ta ce auren ba zai yi wata shida ba. Ya yi shekara takwas. Suka haifi yarinya ƙarama ƙwarai, Yaya ta dube ta ta ce wannan ai ɗigo ce, sunan ya bi ta har yau da take aji biyar.

Ciwon Yaya bai yi mako biyu ba. Ba zan tsaya a kansa ba. Bayan ta tafi aka ba wani teburinta, aka rufe akwatin saƙonninta, kwana casa'in suka cika na'ura ta goge abin da ke ciki bisa ƙa'ida. Magini ya koyi kitso, kitso mummuna, Ɗigo na zuwa makaranta da shi tana alfahari. Ya dawo aiki ya zauna a kujerarsa. Bai taɓa kuka a gabanmu ba, ni kuwa har haushinsa na ji a kan haka.

Kada in zalunce shi, ya yi wa ginin aiki. A da minti saba'in da ɗaya yake ci. Ya sa sassan da ba ruwansu da juna su riƙa ginuwa lokaci guda. Ya raba wani ƙaton sashe gida huɗu. Ya tono dogaro na ƙarya, inda sashe ke jiran wani alhali ba ya bukatar komai daga gare shi, ya tsittsinke su. Shekara guda bayan rasuwar Yaya ya kawo abin da muke kira rumbu: duk sashen da aka gina sai a ajiye shi a ciki, gobe idan ba abin da ya canza a cikinsa ko a cikin waɗanda ya dogara da su, sai a ɗauko ajiyayyen, ba sai an sake wahala ba. A wasu kamfanoni rumbu kaɗai ke mayar da awa guda minti biyar. Namu yana nan, yana cika, amma ba a taɓa ɗaukar komai daga cikinsa ba. Idan aka tambaye shi dalili sai ya ce yana dubawa.

Mako na farko ya wuce yana dubawa. Na biyu ya shigo, ni dai hankalina ya tashi, don na san idan mutanen waje suka zo, shi ma kwanansa ya ƙare a wurin, ga yarinya a gida. Ranar Laraba da hantsi na ce bari in sa hannu a abin da ba nawa ba. Dabarar masu gwaji na yi, wadda ba ta bukatar wayo. Na gina manhajar, ban taɓa komai ba, na sake gina ta, sannan na jera abin da ya fito na farko da na biyu. Ya kamata su zama iri ɗaya sak. Sai ga shi duk sassa ɗari biyu da arba'in sun sha bamban. Na riƙa bin bambancin baya-baya, daga sashe zuwa wanda ya dogara da shi, har na sauka a Tushe. A Tushe fayil guda ne ya canza, a fayil ɗin kuma abu guda: lokaci. Wani layi ne ke duba agogo duk sa'ad da aka fara gini, ya rubuta ƙarfe kaza a cikin Tushe. Tunda agogo ba ya tsayawa, Tushe kullum sabo ne a idon na'ura, duk abin da ke kansa kuma dole a sake shi daga farko.

Na yi tsaki har Dogo ya farka. Wannan kuskure ne da ɗan koyo zai gani a yini guda. Na buɗe layin ina shirin ganin wane sakarai ne ya rubuta shi, domin a wurinmu kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe da ranar da ya taɓa. Sunan Yaya ne a jikinsa, shekara bakwai da suka wuce, wata Talata. A lokacin ba rumbu, don haka ba laifi ta yi ba, ana son a san yaushe aka gina kowace manhaja ne. Amma Yaya ba ta iya yin abu ɗaya a lokaci guda. A cikin layin nan, bayan ya rubuta lokacin a fayil, sai ya kuma buga wata magana a rahoton da ke gangarowa a allo.

Rahoton layi dubu tara ne, mu masu gwaji ƙarshensa kawai muke karantawa, inda kurakurai ke fitowa da ja. Ban taɓa hawa samansa ba. Na tayar da sabon gini, na hau saman rahotonsa. A layi na arba'in da biyu na ga an rubuta: Ƙarfe 11:06 ne. Baban Ɗigo, tashi ka sha ruwa, ina nan har ka dawo.

Sai na tuna shekarar da tsakuwar ƙoda ta kwantar da shi, likita ya ce ruwa ne maganinsa, Yaya ta yi ta mita cewa mutumin nan ko an sa masa kofi a hannu mantawa yake. Na ɗaga kai na duba agogon bango, sha ɗaya da minti shida ta ɗan gota. Muryarta ce sak, har da wannan "ina nan" ɗin da take faɗa tana ƙoƙarin fita. Na sake danna gini don kawai in gani, ta ce min ƙarfe 11:09 ne. Na kifa kaina a tebur, wadda ke kusa da ni ta ɗauka ciwon kai ne ta miƙo min magani.

Da kuka ya lafa sai fushi ya taso, don ni haka nake. Na same shi a ƙarshen baranda da yamma, kofinsa a hannu, yana kallon wani mai wankin mota a ƙasa. Ban yi masa sallama ba. Na ce na ga layi na arba'in da biyu. Bai juyo ba, ya ce ai ya san wata rana zan gani, ya ma ɗauka zan fi haka sauri. Na tambaye shi tun yaushe ya san shi ke kashe rumbu, ya ce tun ranar da ya kawo rumbun, kafin azahar.

Shekara uku ke nan. Na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce mutum arba'in ya zaunar shekara uku suna kallon kurciya. Na tuna masa ranar da Dogo ya bar ɗansa a ƙofar makaranta har aka kulle, yana jiran gini ya ƙare. Na tuna masa sau nawa Manaja ta wanke ni tas a gaban mutane a kan gwajin da ban gama ba, alhali ba abin gwadawa. Na ce kuma yayata ce, ciki ɗaya, ya ɓoye min maganarta shi kaɗai yana sha. Wannan na ƙarshen ne ya sa ya sunkuyar da kai. Ya ce a nan kam ya yi laifi, in yafe masa.

Da na huce na kawo masa mafita, don a ganina mai sauƙi ce. A raba layin biyu, a cire rubuta lokaci a fayil, a bar maganar tana fitowa. Ya ce ya yi tunanin haka tun ranar farko. Amma layi ɗaya ne, duk wanda ya taɓa shi sunansa zai hau, nata ya sauka. Daga ranar shi zai riƙa ce wa kansa ya sha ruwa da bakin matarsa. Na ce to ai tsohon layin ba ɓacewa zai yi ba, yana nan a tarihin manhaja, duk ranar da ya so ya buɗe ya gani.

"Hotonta ma yana nan a falo, Auta," ya ce. "Amma hoto bai san ƙarfe nawa ba. Wannan kullum ta san yau ce."

Muka tsaya muna kallon mai wankin motar har ya gama ya zubar da ruwan bokitinsa. Sannan na faɗa masa abin da ya riga ya sani: saura kwana tara, idan mutanen waje suka zo ba layi ɗaya za su cire ba, duk abin da ta rubuta za su kwashe, kuma ba za su karanta ko kalma ba. Na ce ni ba zan kai wa Manaja ba, ba zan kuma taɓa layin ba. Ya gyaɗa kai, ya shanye ruwansa.

Kwanakin da suka biyo baya ni ma na shiga cikin laifin. Duk ginin da na tayar sai na hau layi na arba'in da biyu. Ta ce min ƙarfe 9:20, ta ce min 2:47. Na fara tashi ina shan ruwa, alhali ba da ni take ba. Ranar Asabar ya kawo Ɗigo ofis, ba kowa sai mai gadi da mu uku. Ya ɗora ta a kujerarsa, ya nuna mata maɓallin, ta danna. Ta karanta layin a bayyane, a hankali, da yatsa a jikin allo, ta duba agogon hannunta na roba, ta ce daidai ne. Ta tambaya ko Mama ta san ita ce ta danna. Ya ce mata a'a, agogo kawai take gani. Yarinyar ta ce to ya tashi mana, ai an ce ya tashi. Suka tafi baranda tare, ni na zauna na tsare musu ginin.

Ranar Talata da safe, saura kwana uku, na ga ya zo da riga mai guga. Ya zauna, ya buɗe Tushe, ya daɗe yana kallo. Bai raba layin ba, cire shi ya yi ɗungurungum, ya mayar da rubuta lokaci can ƙarshen gini inda ba abin da ya dogara da shi. Aikin bai kai minti biyu ba. A wurinmu ba a shigar da gyara sai wani ya duba ya amince, sai ga shi ya turo min. A gurbin bayani ya rubuta: an cire agogo daga Tushe. Na daɗe hannuna na kan maɓallin. Na so in ƙi, wallahi na so, ni da na tayar da maganar. Na amince.

Ginin farko ya ci hamsin da ukunsa yana cika rumbu. Da ya ƙare Magini ya sake dannawa. Rubutu ya fara gangarowa, hannunsa ya kai kan maɓallin tsayarwa da kansa, ya tsaya a sama bai danna ba. Ya miƙe duk da haka, ya ɗauki kofinsa, ya nufi baranda da irin tafiyarsa ta kullum.

Bai kai ga dawowa ba allo ya yi kore. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Dogo ne ya fara gani, ya miƙe tsaye yana tambaya ko na'ura ta lalace. Mai saƙa ta ajiye hularta, aka taru a bayan kujerar da ba kowa a kanta, Manaja ta fito tana tafi, tana cewa ina yake, ina gwanin. Ya shigo da kofinsa cike, suka dare masa hanya, wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya kama hannunsa. Ya yi musu murmushi, ya gode, ya zauna.

Rahoton yanzu bai cika allo ɗaya ba. Na ga ya ja shi sama, ya sake jan shi sama, ba inda za a je. Ya ajiye kofin a gefen madannai bai kurɓa ba. Mutane suka koma kujerunsu da sauri, don yanzu ba jira, aiki ya taso wa kowa, ofis ya cika da ƙarar madannai. Rana ba ta ma kai ƙafar kujerar Dogo ba.

Can ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, ƙarfe nawa?"

Ga agogo a kusurwar allonsa, ga wani a bango, ga na mahaifinsa a hannunsa. Na duba nawa na ce masa goma da kwata. Sauran maganar ta zo min har baki, na san ta kalma-kalma, amma ba tawa ba ce, na kasa faɗa. Sai na tura masa kofin kusa da hannunsa, na juya na buɗe gwajina.